CANON ROBINSON, BATUREN DA YA ZO KANO NEMAN HAUSA

Cikin Turawan da suka yi wa harshen Hausa aiki tun kafin zuwan mulkin Ingilishi, akwai wani limamin Kirista da a ke kira Charles Henry Robinson, wanda daga baya aka fi saninsa da Canon Robinson. Ba shi ne ya fara wannan aiki ba, ba kuwa shi ne ya fi kowa gwaninta a cikinsa ba. Abin da ya sa muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu labarinsa shi ne, duk zamansa a ƙasashen nan bai wuce kamar shekara guda ba, a birnin Kano kuwa wata uku kaɗai ya yi, amma abin da ya tsinta cikin ɗan lokacin nan shi ne tsanin da Turawan mulki da na Mishan suka taka wajen koyon Hausa har shekara talatin da 'yan kai. Labarinsa zai nuna mana abin da baƙo mai ƙidayar kwanakin komawa gida ya ke iya samu in ya yi haƙuri, da kuma abin da ba ya samuwa gare shi kome ƙoƙarinsa.

ASALINSA

An haifi Robinson cikin shekarar 1861 a wani ƙaramin gari na Ingila da a ke kira Keynsham, inda ubansa ya ke limamin majami'a. Gidansu gidan malamai ne, mai 'ya'ya da yawa, kuma galibin mazan hanyar ubansu suka bi. Ɗaya daga cikin yayyensa, Armitage Robinson, ya shahara da ilmi har ya zama shugaban babbar majami'ar Westminster ta Landan, inda a ke naɗa sarakunan Ingila. Shi kuwa Charles ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, aka naɗa shi aikin majami'a cikin 1884. Tun yana saurayi ba ya tsoron tafiya, gama cikin 1892 ya tafi ƙasar Armeniya don ya duba halin da Kiristocin can su ke ciki. Amma har zuwa lokacin nan babu abin da ya haɗa shi da ƙasar Hausa. Mutuwa ce ta haɗa su.

RASUWAR WANSA A LAKWAJA

Yana da wani wa mai suna John Alfred Robinson, wanda ya shiga aikin Mishan ɗin C.M.S. a bakin Kwara. Cikin 1890 shi da wani abokinsa, Graham Wilmot Brooke, suka kafa zango a Lakwaja da niyyar su kutsa Arewa. Samarin nan sun zo da wani ra'ayi wanda ba a saba ji ba a wancan zamani. A ganinsu, wanda ya zo yi wa mutane wa'azi bai kamata ya zauna nesa da su cikin gidan kwano ba. Saboda haka suka tuɓe kayan Turawa suka sa riga da rawani, suka riƙa cin abin da mutanen gari ke ci, suka kuma ƙudura ba za su fake da ƙarfin gwamnatin Ingila ba in wani abu ya same su. John ya duƙufa kan koyon Hausa wajen fatake da malamai da ke sauka a Lakwaja, ya tara waɗansu waƙoƙi na ajami, ya kuma juya Linjilar Matta zuwa Hausa. Amma tufafi ba su hana ciwo. Cikin 1891 John ya rasu a Lakwaja, kafin shekara ta kewayo kuma Brooke ya bi shi, cikin 1892.

Da labarin rasuwar John ya kai Ingila, sai abokansa da waɗansu manyan mutane suka haɗu suka kafa wata jam'iyya don tunawa da shi, suka sa mata suna Hausa Association, watau Jam'iyyar Hausa. Cikin manyanta har da Sir George Goldie, shugaban kamfanin Turawa da ke riƙe da cinikin Kwara da Binuwai a lokacin. Manufarsu ita ce a aika da mutum mai ilmi ya koyi Hausa sosai a bakin masu ita, ya rubuta nahawu da ƙamus, a kuma sami hanyar juya littattafan addinin Kirista cikinta. Wanda aka zaɓa ya fara wannan aiki shi ne ƙanen mamacin, watau Charles.

Ya kamata mu tuna cewa kafin nan akwai wani Bajamushe, J. F. Schön, wanda ya buga nahawun Hausa cikin 1862 da ƙamus cikin 1876. Amma shi bai taɓa sa ƙafa a ƙasar Hausa ba. Mafi yawan Hausarsa a Ingila ya same ta, a bakin wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, wanda Dr. Barth ya tafi da shi Turai cikin 1855. Harshen jama'a mai yawa haka kuwa ba ya ƙarewa a bakin yaro guda. Abin da jam'iyyar ke bukata ke nan, a je har gida a ji, gama zuwa da kai ya fi aike.

MAKARANTAR TARABULUS

Robinson bai nufo Kwara kai tsaye ba. Cikin 1893 ya fara zuwa Tarabulus da Tunas, a bakin Bahar Rum. Wanda bai san tarihin fatauci ba zai yi mamakin mai neman Hausa ya tafi ƙasar Larabawa, amma a zamanin nan ayarin raƙuma na ɗinke tsakanin Kano da Tarabulus, kuma a biranen nan biyu akwai Hausawa da yawa: fatake, da alhazai masu wucewa, da bayin da aka ƙetara hamada da su suka sami 'yanci suka zauna. A wurinsu ya yi watanni yana koyon gaisuwa da ƙirga da maganar kasuwa, yana kuma ƙara Larabci don ya iya karanta ajami.

Niyyarsa ta fari ita ce ya bi ayari ya ratsa Sahara har Kano, kamar yadda Barth ya yi. Amma a shekarar nan ce Rabeh ya ci Borno ya rushe Kukawa, hanyoyin hamada suka rikice, tafiyar kuwa ta zama ba ta yiwuwa ga Bature. Dole ya sake shawara, ya koma ya biyo teku. Duk da haka watannin nan ba su tafi a banza ba. Mu a ganinmu su ne suka raba shi da waɗansu da suka zo a lokaci guda da shi, domin ranar da ya sauka a bakin Kwara kunnensa ya riga ya saba da harshen, yana iya tambayar hanya, yana kuma iya gane sa'ad da a ke maganarsa.

DAGA LOKO ZUWA ZAZZAU

Cikin daminar 1894 ya iso Lakwaja, garin da kabarin wansa ya ke. Tare da shi akwai wani likita, Dr. T. J. Tonkin, da wani Bature na uku mai suna Bonner. Daga nan suka hau Binuwai zuwa Loko, wadda ita ce mashigar fataken Arewa a wancan zamani. Wajen ƙarshen damina suka bar ruwa suka kama hanyar ƙasa, ta Keffi, suka nufi Zariya. Tafiyar da mota ke yi yau cikin yini guda, watau daga Loko zuwa Kano, ta ci musu wajen wata uku.

Abu na fari da ƙasar ta koya masa shi ne, agogonsa ba shi da iko a kan kowa. Mutum ne da ya tashi inda jirgin ƙasa ke tashi a kan minti, ga shi yanzu ya faɗo inda ba a tashi sai 'yan alaro sun yarda, ba a kuwa barin gari sai sarki ya yi sallama. Littafin da ya rubuta na tafiyar cike ya ke da kukan 'yan alaro: yau sun ajiye kaya sun ce sai an ƙara lada, gobe sun ce ba a tafiya, jibi an nemi waɗansu an rasa. Amma in mun duba ta wajensu, mutum ne a ke biɗa ya ɗauki kaya mai nauyi a ka, ya ratsa dajin da a ke kama mutane, ya bar iyalinsa ba tabbacin komowa, don baƙon da bai san inda ya fito ba. Ba abin mamaki ba ne in ya tsaya ciniki.

Abu na biyu shi ne kuɗi. Sulen Ingila ba ya sayen ko ƙwai a kasuwannin hanya. Kuɗin ƙasa wuri ne, wuri kuwa nauyi gare shi: keso guda, watau wuri 20,000, shi ne kayan mutum guda. Saboda haka matafiyi ya kan ɗauki hajja, kamar yadi da alharini, in ya sauka gari ya sayar da kaɗan ya sami wurin da zai ci abinci ya biya 'yan alaro, ya yi gaba. Ta haka malamin Kambirij ya wayi gari ɗan kasuwa, yana taya da sallamawa, kuma kowa ya san baƙon da ke gaggawa ba ya cin riba. Robinson ya ba da labarin wani dokinsu da ya kasa a hanya suka so su sayar, sai suka lissafa suka ga kuɗinsa na wuri sai an ƙaro mutum 15 kafin su ɗauke shi, kuma kafin a kai inda za a, ladan mutanen nan ya cinye kuɗin dokin duka har ya nemi ƙari. A nan ya gane dalilin da ya sa manyan fatake su kan riƙe dukiyarsu a bayi, gama bawa dukiya ce mai tafiya da ƙafarta.

Abu na uku shi ne gaisuwa. Kowane gari aka shiga sai an kai wa sarki gaisuwa daidai da girmansa, shi kuma ya ba da masauki ya aiko da abinci. Bature ya kan ɗauki wannan a kan ƙwace, alhali kuwa a tsarin ƙasar shi ne kuɗin fito da na tsaro: wanda sarki ya karɓi gaisuwarsa ya shiga amanarsa. Wahalar ita ce, in aka ba wani da yawa labari zai riga mutum isa gari na gaba, in kuwa aka ba shi kaɗan a yi ta jan sallama. Sanin wannan ma'auni ba a littafi ya ke ba, sai an yi hasara kafin a iya.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne ciwo. Masu karatu su tuna cewa a 1894 babu wanda ya tabbatar sauro ne ke kawo masassara. Sai cikin 1897 ne Ronald Ross ya gano haka a Indiya. Abin da Turawa suka sani shi ne kwini na taimako, tun da Dr. Baikie ya hau Binuwai cikin 1854 ya komo bai rasa mutum ko ɗaya ba, bayan kuwa tafiyar Kwara ta 1841 ta cinye Turawa fiye da 40. Robinson da abokansa sun sha masassara a hanya da masauki. Don a gane girman hatsarin, cikin watannin nan da su ke tafe, waɗansu samari biyu 'yan Mishan da suka fito daga ƙetaren teku ta wajen Amurka suka rasu a ƙasar nan: Walter Gowans a Girku, ƙasar Zazzau, cikin Nuwamba 1894, Thomas Kent kuma a Bida cikin Disamba. Su ne, tare da Rowland Bingham, mafarin Mishan ɗin da daga baya aka sani da S.I.M. Ƙarfin zuciya ba su rasa shi ba, amma ba su da likita, ba su da isasshen guzuri. Ayarin Robinson kuwa yana da likita, yana da kamfani a bayansa, yana kuma da harshe.

Suka isa Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Yero, suka yi 'yan makonni, kana suka wuce.

WATA UKU A KANO

Wajen ƙarshen Disamba 1894 suka shiga Kano. Ba su zo a sa'a mai daɗi ba. Sarkin Kano Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi kuwa suka ƙi, suka fita Takai a ƙarƙashin Yusufu. Wannan shi ne yaƙin Basasa. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙin, ƙanensa Aliyu Babba ya gaje shi, ya ci birnin 'yan watanni kafin isowar baƙin nan. Tukur yana can Kamri da sauran mutanensa, ba a kashe wutar ba sai cikin Maris 1895, sa'ad da aka kashe shi. Watau duk zaman Robinson a Kano, birni ne da 'yan'uwa suka gama zub da jinin juna a cikinsa, kowa na duban baƙo da ido biyu. Abin da ya gani ke nan, kuma wajibi ne mai karanta littafinsa ya riƙe wannan a zuci.

Duk da haka birnin ya cika masa ido. Ya ga Kasuwar Kurmi da taron da ke cikinta kullum: Larabawan Tarabulus, Buzaye da gishiri, fataken Gwanja da goro, Barebari, Nufawa, da alhazai masu shirin gabas. Ya ga masaƙa da marina da mabuga, ya kwatanta Kano da Mancesta, birnin saƙa na Ingila, ya kuma nuna cewa tufafin Kano ne ke suturta mafi yawan mutanen wannan sashi na Sudan. Ya ƙiyasta mutanen birnin wajen 100,000, alhali Barth, wanda ya zo cikin 1851, ya ce 30,000 ne, su kan kai 60,000 lokacin ayari. Ya kuma ga kududdufai da ƙazantar da ke kwarara cikinsu, ya ɗora musu alhakin rashin lafiyar da ta dame su. Sun iso tsakiyar hunturu, ga ƙura ga sanyin asuba wanda Bature bai zata zai samu a Afirka ba, azumin shekarar 1312 ta Hijira kuma ya same su a can, a ƙarshen Fabrairu.

Dr. Tonkin ya sami ƙofar da ta fi ta kowa faɗi, gama mai magani ba ya rasa baƙi. Ya duba marasa lafiya, ya mai da hankali musamman ga kutare, waɗanda ke da yawa a birnin a lokacin, daga baya kuma ya buga abin da ya bincika game da kuturta a mujallun likitocin Ingila.

Shi kuwa Robinson aikinsa zama ne. A nan ne mu ke ganin ya yi abin da ya cancanci a tuna da shi. Mutumin da ya saba hawa mumbari mutane na saurare, sai ga shi zaune gaban malamai yana tambaya kamar ɗan makarantar allo: mene ne sunan wannan, yaya a ke jam'in wancan, me ya raba wannan kalma da waccan. Ya tara dubban kalmomi waɗanda babu su a ƙamus ɗin Schön, ya gyara waɗanda ke ciki, ya nemi rubuce-rubucen ajami, ya kuma ci gaba da aikin juya Linjila wanda wansa ya bari. Bai gina majami'a ba, bai kafa makaranta ba, bai bar kowa a bayansa ba. Wanda ya auna tafiyar da mudun wa'azi zai ce ba a samo kome ba. Amma ba don wannan aka aiko shi ba, kuma ya san iyakar abin da wata uku ke iya ɗauka.

Cikin Maris 1895 suka bar Kano, suka biyo ta Birnin Gwari da Bida, suka faɗa Kwara a Eggan. Tsakiyar shekarar ya isa Ingila.

ABIN DA YA KOMA DA SHI

Cikin 1896 ya buga littafin tafiyarsa mai suna Hausaland, wanda sunansa ya ambaci mil 1,500 da ya ratsa. A shekarar nan kuma ya fitar da wani littafi da ya tara waƙoƙin wa'azi guda shida na Hausa da wani guntun tarihin Zazzau, aka buga hoton ajaminsu kamar yadda malamai suka rubuta, da boko, da fassarar Turanci. Waɗansu daga cikinsu wansa ne ya samo su a Lakwaja. Wannan ƙaramin littafi ya yi babban aiki, domin ya nuna wa masanan Turai, baƙi a kan fari, cewa Hausawa na da rubutu da waƙa mai ma'auni tun kafin Bature ya zo. Cikin 1897 ya buga nahawu, wanda daga baya Manjo Burdon, Razdan na Sakkwato, ya taimaka wajen gyaransa. Cikin 1899 da 1900 ƙamus ɗinsa ya fito kashi biyu, Hausa zuwa Turanci da Turanci zuwa Hausa. Jami'ar Kambirij ta ba shi aikin koyar da Hausa, majami'ar Ripon kuma ta ba shi muƙamin Canon, wanda a ke ba manyan limamai, cikin 1897.

Ga wani abin lura. An shirya littattafan nan don masu wa'azi, amma waɗanda suka fi cin moriyarsu Turawan mulki ne. Ƙamus ɗin na fitowa, sai ga Lugard ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ran 1 ga Janairu 1900, Kano kuwa ta faɗi cikin Fabrairu 1903. Hafsoshi da Razdanoni da Di'o-Di'o da aka wajabta wa cin jarrabawar Hausa, littattafan Robinson suka riƙa tashi da su suna kwana da su. Masu wa'azin kuwa ba su sami ƙofar da suka zata ba. Cikin 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller da abokansu uku suka isa Kano, Sarki Aliyu ya umurce su su fita cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku, inda ɗayansu ya rasu. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Kirista bai fito da Hausa ba sai 1932, kuma Miller, wanda ya yi shekaru da yawa a Zariya, shi ne ƙashin bayan aikin.

INDA YA GANI, DA INDA YA KUSKURE

Ba za mu yi wa mamaci adalci ba in mun yabe shi kaɗai, ko mun zarge shi kaɗai. Abin da ya faɗa game da bauta ba ƙage ba ne. Ya ga bayi a kasuwa, ya ga waɗanda aka koro daga hari, ya ratsa ƙasashen da farautar mutane ta mayar kufai. Wannan tabo ne a tarihinmu, rufe shi kuwa ba ya warkar da shi. Amma sa'ad da ya koma lissafi, sai ya ƙiyasta masu jin Hausa miliyan 15, ya ce sulusinsu bayi ne, har ya kai ga cewa cikin kowane mutum 300 na duniya ɗaya bawa ne mai jin Hausa. Ba ƙidaya ya yi ba, ba kuwa mai iya yinta a lokacin. Hanya guda ya bi, birane kaɗan ya gani, a shekarar yaƙi. Amma lissafin ya yi daɗin faɗi, ya bazu a Ingila, ya zama hujja a bakin masu son a ci ƙasar da yaƙi.

Haka kuma hukuncinsa a kan Musulunci. Cikin 1897 ya buga wani ɗan littafi yana tambaya ko addinin yana da sauran gaba, ra'ayinsa kuwa ya karkata ga cewa ƙarfinsa na raguwa. Shekarun da suka biyo baya sun ba shi amsa. Mutumin da ya zauna gaban malamai ya karɓi kalmominsu da hannu biyu, bai zauna ya daɗe yadda zai gane abin da ke zukatansu ba.

Ko a harshen ma haka ne. Kunnensa bai kama karin sauti ba, watau hawa da saukar murya da ke raba kalmomi masu haruffa iri ɗaya, kamar yadda kowane yaro Bahaushe ke raba uba da baba na rini ba tare da an koya masa ba. Ƙamus ɗinsa bai nuna wannan ba. Sai da G. P. Bargery, wanda ya yi shekaru da yawa a ƙasar yana yawo lardi lardi, ya fitar da nasa cikin 1934, mai shafi fiye da 1,000, da alamar karin kowace kalma, sa'an nan na Robinson ya huta. Kalma a kan tsince ta a yini guda, amma muryar da a ke faɗinta da ita sai an tsufa tare da masu ita.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Cikin 1902 ya zama mai kula da ɗab'i na wata tsohuwar jam'iyyar Mishan ta Ingila da a ke kira S.P.G., ya riƙe aikin har ƙarshen ransa. Ya kafa mata mujalla, ya kuma rubuta littattafai da yawa, cikinsu har da tarihin aikin Mishan a duniya wanda ya fito cikin 1915. Bai saki Hausa ba, ya yi ta gyaran ƙamus ɗinsa yana ƙara masa kalmomi, har bugu na huɗu ya fito cikin 1925. A shekarar nan ya rasu, yana da shekara 64.

Mun kawo wannan labari ne musamman saboda malaman makaranta da ma'aikatan ofis, gama a cikinsu ne a kan ɗauki waɗanda a ke aikawa ƙasashen waje kwas na wata uku ko shida. Wanda ya sami wannan dama zai gamu da abin da Robinson ya gamu da shi, sai dai a juye: sanyi maimakon zafi, abincin da bai saba ba, kuɗin da bai iya ƙirgawa ba, da mutanen da ba su da lokacin doguwar gaisuwa. To, ya ɗauki abu uku daga Baturen nan. Ya fara koyon harshe tun kafin ya tashi. In ya isa ya yarda ya zama almajiri, ko da a gida shi ne malam. Ya kuma riƙe takarda da alƙalami, ya komo da abin da zai amfani waɗanda ba su je ba. Abu guda kuma ya bar masa: kada ya komo ya ce ya san mutanen ƙasar ciki da waje don ya yi wata uku a birni guda. Baƙo ya kan ga kasuwa da ganuwa, amma abin da ke cikin ɗaka sai ɗan gida. Allah ya sa mu amfana da tarihin waɗanda suka wuce, amin.